Shekarar da Na Raɗa wa Waƙoƙina Suna

Akwai wata magana da ke yawo a tsakaninku, ƴaƴana, wadda nake son in gyara tun hannuna yana iya riƙe alƙalami. Kuna cewa mahaifiyarku ta tsani kiɗa, wai shi ya sa ta yi shekara da shekaru tana neman a fitar da akwatin kaset ɗina daga ɗaki. Na ji Balkisa tana faɗa wa ƴaƴanta haka, na ji Musa ya mayar da shi abin ba'a a waya. To, ba haka ba ne. Ni ma da haka na ɗauka, sai a shekarar da na ajiye tuƙi na gane gaskiya, kuma ba wani mai hikima ne ya ganar da ni ba, ƴar manhajar kiɗa ce ta cikin salula. Mahaifiyarku ta yarda in rubuta wannan, bisa sharaɗin kada a karanta shi a gabanta. Ku kiyaye.

Kun san akwatin, na ƙarfe ne mai kore, yana ƙarƙashin tagar ɗakina tun kafin a haifi babbanku. Shekara talatin da wani abu na yi ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya. Na bi hanyar Dirku har Sabha, na bi ta Arlit har Taman, na gangara Damagaram da Kano, na kai Kotonu na ga teku na ce masa sannu na juyo. A hanya na tsinci Larabcin Libiya a kan Tamashek ɗin da na tashi da shi, na ƙara Faransancin duwan, wato ƴan kwastan, da jandarma, da ɗan Tubanci wanda bai wuce na neman ruwa da ba da haƙuri ba. Kowane gari na sauka, sauran shofer, ƴan uwana direbobi, su tafi neman nama, ni in tafi neman kaset. Wanda ban samu na saye ba, in ɗauka da rediyona a gidan biki ko a bakin kasuwa. Na lura kowace ƙasa da yadda take jera kiɗanta. A Kano mai kaset yana jerawa da sunan mawaƙi. A Sabha da ƙasa ake jerawa, na Masar nan, na Sudan can. A Kotonu kuwa ban ga alamar jeri ba, sai dai ka rera wa mai shago abin da kake so ya tono maka. Ni nawa jerin na hanya ne. Ban damu da sunan mai waƙa ba sosai, abin da na damu da shi shi ne inda waƙar take da amfani. Akwai kaset na fita gari da sassafe, akwai na rana tsaka lokacin da barci ke neman shofer, akwai na in mota ta kafe a rairayi ana shimfiɗa mata ƙarafa kowa ransa a ɓace. Duk na rubuta a jikin kwalinsu da ajami, don shi ne rubutun da hannuna ya fi sabawa da shi.

A cikinsu akwai guda ɗaya da na rubuta wa "Shigowa Agadas". Asalinsa kaset ɗin kiɗan Larabawa ne da na sayo a Sabha tun ina saurayi. Wata tafiya na bar rediyon a gida da kaset ɗin a ciki, ashe ƙanwata Zainabu, Allah Ya ji ƙanta, ta ɗauke shi zuwa gidan lallen wata ƙawarsu ta danna jan maɓalli. Ban sani ba sai a tafiya ta gaba, kwana biyu da barin gari, babu komai a gabana sai rairayi. Na saka kaset ina jiran Larabawana, sai na ji tafi, da ƙwarya a kan ruwa, da ƴan mata suna dariya. Raina ya ɓaci, har na kai hannu zan cire. Sai wata murya ta tashi a samansu, siririya, ba ta gaggawa, kamar mai ita ta manta akwai mutane a wurin. Na janye hannuna. Kafin mu kai Dirku na mayar da waƙar baya har batir ya mutu, na ci gaba da juya kaset ɗin da alƙalami ina jiran a samu wani. Da na dawo na tsare Zainabu. Shaida tana nan a jikin kwalin, babban yatsanta ne ya bar jan lalle. Na ce na yafe Larabawan, ta faɗa mini mai waƙar kawai.

"Mata sun yi yawa ran nan, Yaya. Wa zai tantance?"

Haka ta ce, tana kallon gefe. A shekarar ce kuma ta fara damuna da zancen wata ƙawarta, ƴar malamin unguwarsu, wai yarinya ce mai natsuwa, sai ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba. Na je na gani, na yarda, aka yi. Ita ce mahaifiyarku. Kaset ɗin kuwa ya zama ba na saka shi sai na hango hasumiyar masallaci daga nesa, ko in ina gida na ji kewar hanya. In na saka a tsakar gida nakan ce, "Hajiya, ki ji murya don Allah. Na yi yawo ƙasa bakwai ban ji irinta ba." Ita kuma ta tashi ta ce bari ta duba tukunya. Ko ba a ɗora komai ba sai ta duba tukunya. A nan kuka samo zancenku.

Shekarar da idona ya fara gardama da hasken rana na miƙa makullin mota. Zama ya yi mini yawa. Rediyon ma ya gaji tare da ni, yana cin kaset kamar akuya, mai gyaran da na sani kuma ya koma gyaran salula. Musa yana Cibarakaten wajen zinariya a lokacin, sai ya aiko mini da waya babba mai faɗin fuska. Balkisa ta dawo daga lakkwal inda take koyarwa ta ce akwai wani Idi a kasuwa, mai saka wa mutane waƙoƙi a waya, yana da na'urar da ke kwashe kaset ta zuba a kart memwar, ɗan katin ajiya da ake sa wa waya. Mahaifiyarku, wadda ba ta taɓa sa baki a zancen kiɗa ba, ran nan ita ta fi kowa goyon baya. Ta ce in an kwashe, akwatin ya bar ɗakin, ta samu wurin ajiye tabarmi. Na yi alkawari a gaban Balkisa. Mako uku Idi ya yi yana aiki. Ranar da aka dawo da akwatin, ko la'asar bai kai a gidan ba. Ɗan kawun mahaifiyarku, mai garka, wato lambu, a bakin ƙoramar Telwa, ya zo da amalanke ya ɗauka, don masu garka suna son zaren kaset, suna ɗaura shi a saman shuka ya riƙa walƙiya yana korar tsuntsaye. Daga baya na je na gani da idona. Shekara talatin na tafiyata tana kaɗawa a saman masara, tsuntsaye suna zaune a kan katanga suna kallo kamar sun zo biki. Na yi dariya har mai garka ya tsorata. Kwalayen kuwa matarsa ta riga ta hura wuta da su.

Sai da na buɗe manhajar, wadda yaranku ke ce wa aplikasiyo, na gane abin da na yi wa kaina. Idi boko kawai yake karantawa. Ya ga ajamina ya ɗauka addu'ar tsari ce na rubuta wa kaset, bai taɓa ba. Waƙoƙi sun haura ɗari shida, kowace sunanta Piste, wato waƙa, da lamba, kuma a ƙarƙashin kowace an rubuta Artiste inconnu, wato ba a san mai ita ba. Ga wani maɓalli mai kibiyoyi biyu a harɗe da na taɓa ban sani ba, wanda aikinsa shi ne ya gauraya komai. Limamin unguwa ya leƙo gaishe ni, na saka masa waƙar bege don in nuna masa sabuwar waya, tana ƙarewa sai ga ƙahonin Kotonu da ganguna na rawar da ba a yi da riga mai nauyi. Liman ya ce Allah Ya sa albarka, ya nemi takalminsa. Yana fita, waya ta sake zaɓe da kanta, sai ga tafi da ƙwarya a kan ruwa. Mahaifiyarku tana shimfiɗa tabarminta a gurbin akwatin. Ta tsaya cik.

"Har wannan ma ya shiga?"

Na ce ai shi ya fara shiga. Ta ce bari ta duba tukunya.

Balkisa ta nuna mini sau ɗaya yadda ake danne waƙa da yatsa har ta buɗe wurin gyara suna. Manhajar tana son abu uku, mai waƙa, da album, da irin kiɗa. Tunanin mutanen Kano ne da ita, mawaƙi take sa wa gaba. Na ce to, ke da tsarinki, ni da nawa, za mu zauna lafiya. A gurbin album na riƙa rubuta hanya, Dirku, Taman, Damagaram. A gurbin irin kiɗa na rubuta amfaninsa, fita gari, maganin barci, mota ta kafe. Na koyi haɗa lista, na yi ta shan shayi, na yi ta ranar Juma'a, na yi wata ta musamman mai suna "In Liman ya zo". Gurbin mai waƙa ne ya ba ni wuya, don rabin mutanen ban taɓa tambayar sunansu ba. Amma kalmar inconnu ta tsaya mini a rai. Na sha ganinta a takardun duwan, a kan kayan da ba a san mai su ba. Mutumin da ya raka ka cikin hamadar Tenere ya hana ka barci a kan sitiyari, bai kamata a rubuta masa haka ba. Sai na yi niyya, kuma na faɗa muku a waya: in kun taru da babbar Salla kowa zai samu kart ɗinsa, babu waƙa ɗaya da za ta zo muku ba suna.

Da haka na ɗauki wayar zuwa fada. Kullum bayan la'asar muna zama a ƙofar Agali, mu tsofaffin shofer biyar ko shida. Agali mutumin Abzin ne, mun yi hanyar Taman tare, kuma tun muna samari bai taɓa cewa bai san abu ba. Da ma fadar ta fara mutuwa, zancen ciwon gwiwa da wanda ya rasu kawai ake yi. Waya ta tashe ta. In saka waƙa, kafin shayin farko ya nuna an rabu gida biyu. Wannan ya ce mai gurmin nan na Tawa ne, wancan ya ce ƙarya ne, a Maraɗi ya ci tuwo da shi. Wani ya tashi ya gwada rawar, gwiwa ta tuna masa da shekarunsa, a riƙo shi a zaunar. In an rasa suna, sai mu rubuta abin da aka sani: makahon tashar Damagaram, matar da ke sayar da dabino a Bilma, masu gitar na bikin ƙanen Agali. Ni a wurina wannan ma suna ne. Watanni muka yi a haka, har mutane suka fara zuwa daga wasu unguwanni da nasu tsofaffin kaset a aljihu. Lambobi suka yi ta raguwa, har saura guda ɗaya.

Na daɗe ina ɓoye ta, don ban so a yi mata hayaniya. Da Salla ta matso dole na saka. Fada ta kasa kunne har waƙar ta ƙare. Agali ya gyara rawaninsa ya ce ai wannan ko a barci ya san ta, Lalla ce ta Ingal, ta rasu tun tuni, ya sha jin ta a bukukuwa. Na ce waƙar a Agadas aka ɗauke ta. Ya ce to Lalla ba ta da ƙafa ne? Mutum biyu suka goya masa baya, ɗaya don ya yarda, ɗaya don shayin Agali yake sha. Zainabu ta riga mu gidan gaskiya, babu wanda zan koma in tambaya. Raina bai kwanta ba, amma na ce suna ko na aro ya fi inconnu.

Ana jibi Salla da hantsi na zauna a tsakar gida zan ƙarasa, don da yamma zan kai wa Idi ya kwafa muku. Mahaifiyarku tana gefe tana tsintar shinkafa a faifai. Kun san yadda nake rubutu a waya, da yatsa ɗaya, ina faɗin kowane harafi da baki. Na saka waƙar tana tafiya a hankali, na danne ta, na fara. Na kai tsakiyar sunan ke nan ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Alhaji, me kake rubutawa?"

Na ce sunan mai waƙar, Agali ya gano ta, Lalla ce ta Ingal.

"Kuma haka za a ba yara?"

Na ce haka za a ba su, su ma su ba nasu.

Ta yi ta tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Can ta ce Lalla ba ta taɓa taka unguwarsu ba, kuma muryar Lalla, Allah Ya gafarta mata, kamar ƙofar garejinmu take. Na yi mamaki, don ban taɓa jin ta auna muryar kowa ba. Na ce to in ba ita ba ce, wace ce?

"Mayar da ita baya kaɗan. Ka ji inda aka yi shiru, aka fashe da dariya?"

Na san wurin kamar tafin hannuna. Fiye da shekara talatin ina jin sa, mai waƙar ta ɗan sarƙe, ƴan mata su yi dariya, ta ci gaba.

"Zainabu ce ta watsa mini ruwan ƙwarya a wuya."

Na dubi waya, na dube ta. Na sake duban waya. Ni da ke taƙama da kunne, wanda ke gane ciwon mota daga ƙararta tun tana nesa, ni da ke rarrabe Larabcin Sabha da na Taman, ashe na kwana na tashi da muryar nan a gida ɗaya ina zuwa Ingal nemanta. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Hajiya, ke?" Ta ce in rage murya, maƙwabta suna ji.

A hankali ta ba ni sauran, idonta a kan faifai. Ba ta san ana ɗauka ba ran nan. Ƴar malam ce, da mahaifinta ya ji cewa muryarta tana yawo a cikin kamyo har Libiya, da ba ta sake leƙa gidan biki ba. Ita da Zainabu suka yi alkawarin rufe bakinsu. Bayan aure ta yi niyyar faɗa mini, sai ga ni tun makon farko na saka kaset ina yabon mai waƙar a gabanta, ina rantsuwa babu irinta a ƙasa bakwai. Ta ce ta ina mace za ta fara, ta ce wa mijinta ai ni ce? Shekara ta bi shekara, maganar ta ƙara nauyi. Kowace baƙuwa ta shigo ina saka kaset, gabanta ya faɗi kada a gane. Shi ya sa ta bar rera komai a gidan, ku kanku da jijjiga ta rene ku. Shi ya sa kuma take son akwatin ya fita. Ta ɗauka a cikin waƙa ɗari shida tata za ta ɓace kamar tsakuwa a shinkafa. Duk wannan ta iya jurewa. Amma jikokinta su tashi suna cewa Lalla, wannan kam a'a.

Na ce ashe Zainabu ta san abin da take yi da ta dame ni da zancen ƙawarta mai natsuwa. Ta ce Zainabu ba ta taɓa yin abu ba da sani ba. Muka yi dariya, muka yi mata addu'a, sai na tuna da kwalin nan mai jan yatsanta da ya tafi a wutar mai garka. A duk akwatin shi kaɗai nake jin zafinsa har yau. Ni na yi alkawarin, ni na cika, ba na ɗora wa kowa.

Saura gurbin suna. Na goge abin da na fara, na ce to me zan rubuta? Sunanta dai ba ta yarda ba, ni ma bakina bai saba da shi ba balle yatsana. Ta ɗan yi tunani ta ce in rubuta "Ƙawar Zainabu". Shi ne abin da kuka gani a kart ɗinku ran Salla. Musa ya tambaya wace ƙawar, na ce ya ci namansa. Agali kuwa har gobe yana nan a kan Lalla, na bar shi, don ban ga dalilin ɓata shayi ba.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Duk wanda ya saurari waƙar ya san ba ta kai ƙarshe ba. A tsakiyar baiti ake jin ƙarar maɓalli, Larabawana su dawo kamar ba abin da ya faru. Na tambaye ta me ke biye. Ta ce ta manta, tsufa ya zo. Ban matsa ba. Bayan kun watse da kamar mako guda, wata safiya ina zaune ina gyara listar shayi, tana bakin randa tana wanke kwanuka, ta ba ni baya. Sai na ji ta ɗauko daga daidai inda kaset ya yanke. Muryar ta sauko ƙasa, ta yi kauri, amma rashin gaggawar nan yana nan yadda na san shi a hanyar Dirku. Na lallaɓa yatsana wajen maɓallin ɗauka.

"Ajiye, Alhaji."

Ko juyowa ba ta yi ba. Na kife wayar a kan tabarma, na ji baiti uku da ban taɓa ji ba, ta ɗauraye kwanonta na ƙarshe ta shige ɗaki.

Don haka kada ku wahalar da Idi, ƙarshen waƙar ba ya cikin kart ɗin kowa, har nawa. Yana ɗakin da ke hannun dama in kun shigo gida. Mai son ji ya zo da kansa, ya bar wayarsa a aljihu, ya samu wuri ya zauna, ya yi kamar ba saurare yake ba.